Filin Tambaya da Amsa: Wane Suna Za a Haɗa wa Jaririya da Sunan Yankanta?

Wasiƙun wannan fitowa galibinsu daga Katsina da Daura suka zo, kuma kusan duk magana ɗaya suke yi: suna na biyu ga 'ya mace. Mun ɗauki shida daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maiɗakina ta sauka ranar Talata da hantsi, mun samu 'ya mace, na yi mata huɗuba da sunan mahaifiyata, Fatima. Hajiya tana nan da ranta, gida ɗaya muke, ba mai iya kiran sunan nan a tsakar gida. Ina son in haɗa wa yarinyar suna na biyu da za a riƙa kiranta da shi, ya kuma shiga takardunta. Wanne ya dace?
— Magidanci daga Ƙofar Marusa, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Malam, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Kafin a zaɓi suna na biyu, a fara sanin aikin da zai yi. A gidanka aikinsa sakayawa ne, wato shi za a ji dare da rana, Fatima kuwa sai a takarda da ranar ɗaurin aure. Tunda haka ne, shi ya kamata ka fi ba wa lokaci.

Mu Zahra'u muka zaɓar maka. Laƙabin Nana Fatima ce 'yar Manzon Allah (SAW), ma'anarsa mai haske, kuma duk wanda ya ji an kira Zahra'u ya san Fatima ce ba sai an yi masa bayani ba. Batula ma laƙabinta ne, wadda ta keɓe kanta ga ibada. Sai Binta, wanda Hausawa suka daɗe suna haɗawa da Fatima. Amma akwai abin da magidanta kan manta: ka tambayi gwaggonninka da wane suna ake kiran Hajiya tun tana budurwa. In ƙawayenta Binta suke ce mata, to Binta ya haramta a bakin matarka kamar yadda Fatima ya haramta, ka ga ba a sakaya komai ba.

Ummi, Mama, Umma da Walida duk sakayawa ce mai kyau, sai dai a gida mai yawa sukan yi karo. Jikoki uku za su tashi kowace Ummi, a koma ana cewa Ummi ƙarama, Ummin wane. A bar irin waɗannan a matsayin sunan gida, takarda kuwa a sa mata wanda zai tsaya da kansa ko ta kai shekara arba'in.

Masu irin wannan tambaya da wasu sunayen, ga waɗanda suka zo tare tun asali. A'isha tana tafiya da Humaira ko Siddika, a gargajiyance kuma Indo. Khadija da Kubra, Halima da Sa'adiyya saboda ita 'yar ƙabilar Banu Sa'ad ce, Hauwa'u da Kulu ko Jidda, Zainabu da Abu, Maryam da Mairo. Rabi'atu kuwa Adawiyya ce, baiwar Allah ta birnin Basra. Badawiyya da ya yaɗu a bakin mutane wata kalma ce dabam, mutuniyar ƙauyen Larabawa. Asma'u ana kiranta Husna, ba laifi, amma kada a rubuta Asma'ul Husna, don wannan lafazin Alƙur'ani ne a kan kyawawan sunayen Allah. Ɗaukar laƙabin wata a liƙa wa wata, kamar Zainab Humaira, bai haramta ba, sai dai yarinyar za ta ƙare rayuwarta tana cewa ita ba A'isha ba ce.

In za ka haɗe sunayen biyu irin na Larabci, ka haɗe su daidai. Fatimatuz Zahra'u ake cewa, da Halimatus Sa'adiyya, da A'ishatus Siddika, saboda lam ba ya fitowa a gaban z da s. Yana fitowa a Khadijatul Kubra da A'ishatul Humaira. Wanda ya ga wannan zai ba shi wahala, ya rubuta Fatima Zahra'u kawai, ya wadatar.

Daga ƙarshe ka tsaya a zaure ka ɗaga murya ka kira sunan kamar kana aikenta. Sunan kira kada ya wuce gaɓa biyu ko uku, in ya wuce yara za su gutsure shi yadda suka ga dama. Ka kuma guji sunaye biyu masu amsa-amo ɗaya, irin Samira Amira ko Nabila Jamila, don a makaranta waƙar tsokana suke zama.

Tambaya: Malamai, ina cikin jego. Surukata sunanta A'isha, mahaifiyata Hauwa'u, kowace tana sa ran takwara, kuma wannan ce jikarsu mace ta fari. Maigida ya ce a haɗa mata duka biyun. Ya halatta? Wata maƙwabciya kuma ta ce suna biyu sai rago biyu.
— Mai jego daga Daura

Amsa: Sannu da arziki, 'yar'uwa. Ya halatta. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ambaci sunayensa da dama, Muhammad, Ahmad, Mahi, Hashir da Aƙib, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Zancen rago biyu kuwa ba shi da tushe. Yankan na jaririya ne, ba na adadin sunaye ba: dabba ɗaya ce, mai sharuɗɗan dabbar layya. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasarmu ɗaya ce ga namiji da mace. Malaman da suka ce biyu, ga ɗa namiji suka faɗa.

Matsalar ba ta shari'a ba ce, ta zaman gida ce. Ke ba za ki kira A'isha ba, ba za ki kira Hauwa'u ba, shi ma maigidan haka. Kenan dole suna na uku ya fito. In ba ku fitar da shi ba, dangin uba za su ce Humaira, naki su ce Jidda, islamiyya ta rubuta ɗaya, boko ta rubuta ɗaya. Ku zauna ku biyu tun kafin kwana bakwai ku tsayar da abu uku: wanne ne gaba, wanne ne baya, da wanne za a kira ta. In an kasa daidaitawa, maganar uba ce ke gaba a wajen malamai, amma uba mai hankali ba ya yanke wannan ba da yardar wadda ta sha naƙuda ba. A ganinmu ma, in da hali, a ba ɗaya yanzu, a je har ɗaki a yi wa ɗayar alkawarin ta gaba. Takwara cikakkiya ta fi daɗi ga kaka a kan rabin takwara.

Ranar suna, a rubuta sunayen a takarda da boko da Larabci a miƙa wa liman. Raɗa a kunne cikin taron asuba, ana rabon goro da dabino, ita ke sa Rukayya ta koma Rakiya, ko sanƙira ya shelanta na farko ya bar na biyu. Sannan ki sa wata yayarki ko gwaggo ta faɗi sunan kira a taron mata da yamma, tana miƙa jaririya tana maimaita shi. A nan laƙabi yake kamawa, kuma abin da kaka ta fara furtawa da wuya ya sake.

Game da lissafin kwanaki: in an haihu bayan alfijir ba a ƙirga wannan ranar, shi ya sa haihuwar Talata da rana sunanta ke faɗawa Talata mai zuwa. In kafin alfijir ne, ranar ta shiga lissafi, suna ya zama Litinin.

Tambaya: Ina da ciki wata takwas. Sunan farko na maigida ne, na biyu ya bar mini. Ina son suna na zamani wanda ba kowa ke da shi ba. Na tara wasu daga intanet, ƙawata kuma ta ce duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ana iya sa wa yaro. Haka ne?
— Wata 'yar'uwa daga Sabuwar Unguwa, Katsina

Amsa: Allah ya raba lafiya. Ba haka ba ne, kuma wannan ita ce tambayar da muka fi so iyaye su yi kafin suna, ba bayansa ba. Alƙur'ani ya ambaci Aljanna ya ambaci wuta, ya ambaci muminai ya ambaci kafirai. Hawiya tana da daɗin faɗa, tana kama da sunan mace, amma a Suratul Ƙari'a sunan wuta ce. Hamiya da ke ƙarshen surar, zafin wutar take siffantawa. Nasiya a Suratul Alaƙ makwarkwaɗa ce, an kuma siffanta ta da ƙarya da kuskure. A jerin sunayen intanet har Zaniya ana samu, alhali a Larabci mazinaciya ke nan. Waɗannan jerin, da yawansu wani ya kwafa daga wani ne, kowane suna a ce ma'anarsa fure ko kyautar Allah.

Ga yadda za ki tantance. Ki fara neman yadda ake rubuta sunan da haruffan Larabci. In ba a samu ba, ki ajiye shi. In an samu, ki kai wa malamin da ya san lugga, ba mai haddar karatu kaɗai ba, ya duba miki ƙamus, ya gaya miki tilo ne ko jam'i, na mace ne ko na namiji, in kuma daga aya aka ciro, a kan wa ayar take magana. Rubutun Larabcin yana da muhimmanci saboda boko yana haɗiye haruffa. Asiya matar Fir'auna, mumina, da alif da sin ake rubuta ta. Akwai wata Asiya da ain da sad, mai saɓo, wadda Manzon Allah (SAW) ya canza wa 'yar Sayyidina Umar ya mai da ita Jamila. A boko duk ɗaya suke.

Sai ki gwada sunan a bakin Bahaushe. Mayya tsohon sunan mata ne a wajen Larabawa, amma ki yi tunanin a kira yarinya da shi a layin famfo. Ghada ma sunan kirki ne a can, a nan Gada zai koma. Ki sa wata tsohuwa a gidanku ta faɗi sunan sau biyu. Yadda ya fito daga bakinta, haka gari zai kira shi.

Akwai kuma sunayen da ke ɗauke da yabon kai. Barra, wato mai yawan biyayya ga Allah, Manzon Allah (SAW) ya canza shi, daga nan aka sami Juwairiyya da Zainab. Kan wannan ne malamai suka yi saɓani a kan irin Iman, wasu kuma ba su so a sa wa mace Malak. In kina son sunan bauta, na mace Amatullahi ne ko Amaturrahman, kuma a cika shi, kada a tsaya a Amatul. Haka Ummul Khairi. Ummu Kulsum da Ummu Salama kuwa Ummu ake cewa, ba Ummul ba.

Sunaye masu kyau da ba su cika gari ba suna nan da yawa. Daga Alƙur'ani akwai Tasnim da Salsabil, maɓuɓɓugai ne a Aljanna, da Yusra, Bushra, Sakina, Mawadda, Marwa. Mu dai mun fi karkata ga sahabbai mata, don suna ne mai labarin da za ki ba ta in ta girma: Sumayya, wadda ta fara shahada a Musulunci, Nusaiba, wadda ta tsaya kare Manzon Allah (SAW) a Uhudu, Rufaida, mai jinyar waɗanda suka ji rauni a tantinta a Madina, Shifa'u, wadda ta koya wa Nana Hafsa rubutu.

Tambaya: 'Yata sunanta Maryam Nusaiba. Sunana Sani, mahaifina Lawal, kuma a takarduna Daura nake sawa a ƙarshe. Fom ɗin rajistar haihuwa gurbi uku ne. Wanne zan sa, wanne zan bari?
— Malamin makaranta daga Daura

Amsa: Malam, ka yi dabara da ka tambaya kafin ka cike. Sunaye biyar ne a hannunka, gurbi uku: sunan farko, na tsakiya, da na dangi. Abin da ba ya faɗuwa shi ne sunanka. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira 'ya'ya da iyayensu maza, don haka suna na biyu ba ya korar sunan uba. Hanya mafi sauƙi ita ce Maryam a farko, Nusaiba a tsakiya, Sani a gurbin dangi. In kuwa yayyenta duk Sani ne a tsakiya, Daura a ƙarshe, to ita ma a bi da ita haka, Nusaiba ya zauna a gida. 'Yan uba ɗaya su tashi da sunan ƙarshe iri ɗaya, yana sauƙaƙa neman biza, tafiya Umara, da duk inda za a nemi shaidar dangantaka. Sa sunan gari a ƙarshe, a tuna, da makarantar boko ya yaɗu: ɗaliban Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 da garuruwansu ake rarrabe su, irin Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Raɓa, wato Sardauna Ahmadu Bello. Ba wajibi ba ne a gadar da shi.

Sai rubutu. A zaɓi salo ɗaya a tsaya a kansa: Aisha ko Aishatu, Khadija ko Hadiza, Rukayya ko Ruqayya, Zahra'u ko Zahra. A wajen kwamfuta harafi ɗaya ya bambanta, mutum biyu ne. Sauya jeri ma haka, Maryam Nusaiba Sani da Nusaiba Maryam Sani ba ɗaya ba ne. Layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar alamar hamza ko haruffa masu lanƙwasa, kuma gurbin suna a wurin 39 ne kacal, har da tazarar tsakani. Halimatus Sa'adiyya Muhammad Abdurrahman ya kai 40, dole a datse shi. Mai dogon sunan uba ya nemi gajeren suna na biyu.

Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa cikin kwana 60 a wajen Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ana samun jami'anta a sakatariyar ƙaramar hukuma da asibitoci da dama. Ka je da katin asibiti ko na rigakafi, da sunan a rubuce da manyan baƙaƙe, ka karanta takardar harafi-harafi kafin ka bar teburin. Katin rigakafin ma a duba, don sau da yawa kafin suna ake buɗe shi. Da wannan takarda za a yi mata lambar NIN a ƙarƙashin taka ko ta mahaifiyarta. Ranar sa ta a firamare ka kai kwafi da hannunka. In aka tura ta da yayarta, malami zai tambaya, a ce masa Ummi, shi ke nan Ummi ta shiga rajista ta bi ta har WAEC da NECO. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, kuma sunan da ke NIN take ɗauka. A nan ɓarakar ke fitowa, a shiga rantsuwa a kotu, da cigiya a jarida, da biyan kuɗin gyara, wani lokaci har shekarar karatu ta wuce. In ta yi aure ma sunan nan ne nata, ba a cire naka a sa na miji.

Tambaya: 'Ya'yana, jikata ranar Juma'a aka haife ta, na ce a kira ta Jummai, uwarta ta ce sunan ƙauye ne. Sunayenmu na Hausa sun daina aiki ne?
— Kaka daga Sandamu

Amsa: Ba su daina ba, Inna, kuma muna bayanki. Ladi, Altine, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai da Asabe, da Azumi, Tasalla da Marka, da Kande ko Delu ga wadda ta biyo maza, duk suna faɗin wani abu na gaskiya game da zuwan yarinya duniya, kuma suna zama daram bayan sunan yanka: Safiya Jummai, Hafsatu Lami. A ƙasar da Daurama ta yi sarauta bai kamata a ji kunyar sunan Hausa ba. Sharaɗin kawai ya dace da ranar, a kuma tuna dare yana bin ranar da ke gabansa. Wadda aka haifa Alhamis bayan magariba daren Juma'a ta zo, Jummai ce. Waɗanda za a bari su ne irin Ajuji da Ayashe da ake sa wa 'ya'yan wabi, don camfi ne a ƙarƙashinsu. Al'ada kuma ba ta ɗaure hannu: Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, tagwaye ne ita da Hassan, amma ba a sa mata Usaina ba.

Sai dai ki bi uwar a hankali, Inna. Ita za ta fi kowa kiran sunan. In ta ƙi a takarda, ke ki riƙa kiran abarki Jummai, wannan hakkin kaka ne.

Tambaya: 'Yarmu ta shekara biyu, yanzu muka gano sunanta na biyu ba shi da ma'ana mai kyau. Za mu iya canzawa? Sai an sake yanka?
— Uba daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Ku canza, Malam, sunna ce, kuma ba sai an sake yanka ko taro ba. Ku zaɓi sabon, ku sanar da kakanni da maƙwabta, kowa a gidan ya koma kiranta da shi rana ɗaya. Yarinya mai shekara biyu cikin 'yan makonni za ta saba. In tsohon ya riga ya shiga takardar haihuwa, ku koma ofishin da aka yi rajistar ku nemi gyara yanzu, kafin a yi mata NIN, kafin kuma ta shiga makaranta.